Rabon Zare

Talata, bayan la'asar

Sun karɓe mana hitar dafa ruwa da 'yar tukunyarmu tun a bakin ƙofa. Sojan da ke binciken jakunkuna ya ɗaga tukunyar sama yana nuna wa 'yan'uwansa, wai ga wasu sun zo buɗe gidan abinci a sansanin yi wa ƙasa hidima. Kowa ya yi dariya, har da ni, don dai a wuce wurin. Zare ba ta yi ba. Ta bi tukunyar da ido har aka jefa ta cikin wani buhu tare da wuƙaƙe da wayoyin wuta.

Tagwaye ne mu, kuma tun muna yara mutane suka daina wahalar da kansu wajen bambance mu. Baba ne ya raɗa mana sunayen, da yake tela ne: ni Allura, saboda bakina da kuma ni na riga fitowa, ita Zare, saboda duk inda na kutsa tana biye. Shi kaɗai ke gane mu daga nesa, ko da mun ba shi baya. Mama kanta sai mun matso.

An ba mu dogon ɗaki mai gadaje hawa biyu, ni sama, ita ƙasa. Sama da wata guda za mu yi a nan ana gasa mu a rana, sannan a rarraba mu wuraren aiki. Da za mu taho Mama ba ta yi dogon bayani ba. Ta miƙa wa Zare gwangwanin da ta cika da soyayyar gyaɗa da busasshen burodi, ta dube ni ni kaɗai ta ce, “Tare kuka tafi, tare za ku dawo min.”

Laraba, da azahar

Yau muka ga abin da za a riƙa ciyar da mu. Wani farin dunƙule ne mai warin tsami, yana bin cokali kamar ƙaro, ga wata miya baƙa-baƙa da wasu ƙananan halittu masu ɓawo suna iyo a ciki. Kafin a gama rabo 'yan ɗakinmu sun sa wa dunƙulen suna Siminti, miyar kuma Kududdufi. Rabin layin ya juye nasa a duro. Wata ta kira uwarta tana kuka, wai an kawo su a kashe su, alhali ta gama jami'a har da digiri mai kyau.

Mai gadon kusa da mu muna ce mata Rediyo, don tun jiya ba a kashe ta ba. Ita a garinsu da wannan abincin aka yaye ta. Tana ci tana side yatsa tana yi mana wa'azi, wai mu ba mu san daɗin duniya ba. Na toshe hanci na ci nawa. Da babu gara ba daɗi. Gaskiya ma bai kai munin kamanninsa ba, amma ba zan faɗa wa Rediyo ba, kada ta ƙara murya.

Zare ta karɓi nata, ta riƙe kwanon nesa da jikinta har muka zauna, sannan ta ture shi gefe. A ɗaki ta buɗe gwangwani ta ci gyaɗa 'yar kaɗan. Da na hau gado sai ta leƙo ta ce, “Cikinki lafiya?” Na ce lafiya lau, me zai same shi.

Juma'a, da safe

Ko shayin safe ba ta sha, wai ba ta ga lokacin da aka dafa ba. Ruwan famfo kawai, da gwangwani.

Lahadi, da yamma

Akwai 'yar kasuwa a bayan filin fareti, rumfuna ne na masu soye-soye, can waɗanda suka ƙi Siminti ke tururuwa. Na ce wa Zare mu je ko ƙwai ne ta ci, wanda za ta ɓare da hannunta. Muna jin ƙamshin mai ta tsaya cak, ta juya ta bi doguwar hanya ta bayan tankunan ruwa. Laifina ne. Na san tun waccan tafiyar da ta yi da Baba ba ta zuwa kusa da abin da aka dafa don sayarwa, ba ta kuma son a saya a gabanta. A gida abin bai fito fili ba, tunda ko Mama ta dafa ko ita da kanta. Na ɗauka yunwa za ta warware mana komai a nan.

Mama ta kira. Tambayarta ɗaya ce: kuna cin abinci? Na ce muna ci.

Talata, mako na biyu, da azahar

Yunwa ta fara koya wa mutane karatu. Wadda ta yi kuka ranar farko yau na gan ta tana roƙon mai rabo ya ƙara mata miya, har tana tsotse ɓawon nan. Rediyo sai yawo take tana taya kowa murna kamar ita ta haife su. Masu juyewa a duro ba su fi a ƙirga da yatsu ba yanzu.

Rediyo ta zauna gefen gadon Zare da kwanonta tana lallashi, wai ƙawata ɗanɗana mana, loma ɗaya kawai, in ba daɗi ki tofar. Ba ta san abin da ta faɗa ba. Zare ta tashi ta fita ba takalmi. Na zazzage wa Rediyo tas, har da abin da bai shafe ta ba, baiwar Allah ta yi tsuru-tsuru tana tambayar me ta yi. Ba ta yi komai ba, kuma ba zan iya gaya mata ba.

Alhamis, da hantsi

Ta faɗi a fareti.

Sajan, mai usur ɗin nan da ke horar da rukuninmu, bai gama cewa a juya dama ba na ji ƙarar faɗuwa a bayana. Ban ma waiwaya ba na san ita ce. Muka kai ta ɗakin shan magani, Sista mai kula da wurin ta ɗaura mata ruwa, ta ja fatar idonta ta duba, ta tambaye ta rabonta da abinci. Ni na amsa, na ce jiya ma ta ci, zafin rana ne.

Sista ba ta da wasa. Ta ce ta saba ganin irin wannan kowace shekara, yara su zo su ƙi abinci sai sun zube. Daga gobe Zare za ta riƙa zuwa da azahar ta ci abincinta a kan teburin Sista tana kallo, a kuma riƙa ɗora ta a sikeli. In ta murmure shi ke nan. In ta ƙi, likita zai sallame ta ta koma gida, sai wata shekarar.

Muna fitowa ta riƙe min hannun riga. Yaya, in ji ta. Tsakanina da ita bai kai a sha ruwa a ajiye kofi ba, kuma ba ta kirana Yaya sai tana son a yi abin da bai kamata ba.

“Kada ki bari a mayar da ni gidan ni kaɗai.”

Na san abin da take gani. Ɗakin gaba, keken ɗinki a lulluɓe da zani, Mama ta ajiye mata kwano ba tare da ta ɗago ido ba. Ba wanda ya taɓa ce mata komai a gidan nan. Da ma an ce.

Na ce to ki ci mana. Ta ce ba ta iyawa, maƙogwaronta rufewa yake. Sai ta ciro lambarta da ke maƙale a ƙirji ta sa min a tafin hannu.

Juma'a, bayan azahar

Abin ya zo da sauƙi har ya ba ni tsoro. Na maƙala lambarta, na sunkuyar da kai, na rage murya, na riƙe bakina da ƙyar. Sista ta ɗora ni a sikeli ta ce ashe ma nauyin bai yi muni ba. Ta tura min Siminti da Kududdufi, na yi ta yatsina ina juya cokali yadda Zare za ta yi, sannan na cinye. Har ta dafa kafaɗata ta ce yarinyar kirki.

Mun sha yin haka muna yara, ranar allurar rigakafi ko ranar jarrabawar lissafi. Baba ne ke kama mu, ya yi dariya har ya ajiye almakashi.

Na ce wa Zare na mako ɗaya ne kawai, kafin nan ta saba. Ta ce to. Tana tsaye bayan tankuna tana jirana, kuma abin da ta fara cewa shi ne cikinki lafiya. Har bakin banɗaki ta raka ni da yamma, ta tsaya a waje kamar mai gadi.

Asabar, da azahar

Mun ci.

Litinin, mako na uku, da la'asar

Makon ya yi rabi, ba abin da ya canja sai gwangwani da ya fara ƙara in an girgiza shi. Na samo mata biskit na cikin leda wanda ba hannun da ya taɓa. Ta karanta rubutun jikinsa gaba da baya, ta ci rabin ɗaya, ta ɓoye sauran ƙarƙashin filo.

Wandon kakinta yana zamewa. Na fito da 'yan alluran da na ɗauko daga aljihun keken Baba, na zauna a gadonta na cinye masa ƙugu, na rage kafaɗar rigar don kada ta yi mata kamar buhu. Ɗinkin ya yi kyau, ba mai ganewa. Da na gama na tsinke zaren da haƙori, sai na ga tana kallona, don haka Baba yake yi.

Ni kuwa nawa wandon matse ni yake. Ina cin nata a wurin Sista, in zo in karɓi nawa don kada mai rabo ya lura. Rediyo ta ce sansani ya karɓe ni. Ban taɓa jin kunyar ƙoshi ba sai yanzu.

Laraba, kafin magariba

Na yi abin da na rantse ba zan yi ba. Na ja ta bayan tankuna da kwano a hannuna, na ce yau ko ni ko ita. Na lallasa, na yi zagi, na haɗa ta da Allah. Na nuna mata duk sansanin nan, mutum ɗari bisa ɗari suna cin abin nan kullum, waye ya mutu? Kalmar ta fita kafin in kama ta. Sai na ƙara ɓata abin, na debo loma na kai bakinta da ƙarfi. Ta datse haƙora, miyar ta bi haɓarta ta sauka a rigar da na ɗinka.

Na ce, “Likitan da ya duba Baba ma ai bai ce abincin ba ne, cewa ya yi mai yiwuwa. Har yaushe za ki...”

Ban ƙarasa ba. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da na samu sauƙi. Ta goge bakinta da bayan hannu, ta ce in yi haƙuri, ta karɓi kwanon ta juye a ƙasa don kada in ci. Ita ce ma ke ba ni haƙuri.

Ina jin haushinta kamar in shaƙe ta, ina kuma jin tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Ban san wanda ya fi yawa ba.

Alhamis, da azahar

Mun ci. Cikina lafiya, cikina lafiya, cikina lafiya, na gaji da tambayar nan.

Lahadi, da yamma

Gwangwani ya ƙare jiya. Ta wanke shi ta ajiye a kan gado kusa da kanta.

Mama ta kira, ta ce muryar Zare ta yi ƙasa. Na ce mura ce. Ta ce kuna dai cin abinci? Na buɗe baki, Zare ta kafe ni da ido daga gadonta. Na ce muna ci, Mama, har ƙiba muke yi. Ta ce to madalla, Allah ya yi muku albarka.

Talata, mako na huɗu, bayan azahar

Na haƙa rami, ga shi mu biyu za mu faɗa.

Yau Sista ta ɗora ni a sikeli ta yi murmushi, ta ce na fi duk marasa lafiyarta jin magana, ta sallame ni. Ta ce ta riga ta gaya wa Sajan ya mayar da ni fareti, kuma ranar Asabar zan iya bin kowa doguwar tafiyar nan ta kan duwatsu, wadda ake fita tun da asuba sai rana ta take a dawo. Da can an cire sunan Zare daga tafiyar saboda faɗuwar da ta yi. Ni na mayar da shi, da cokalina.

Na ce Sista ko za a ƙara min kwana biyu, har yanzu ina jin jiri. Ta yi dariya ta ce lalaci ne, da wannan kumatun?

A tafiyar ba zan iya zama mutum biyu ba. Ana kiran lamba ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa a tsaye. Na gaya wa Zare, ta ce za ta iya. Mutumin da ke hutawa sau biyu tsakanin ɗaki da famfo.

Gaba kura, baya sayaki. In na yi magana a mayar da ita gida ita kaɗai, na karya abin da ta roƙe ni da abin da Mama ta ce. In na yi shiru ta hau dutsen nan.

Alhamis, da hantsi

Muna gwajin jeri, ina wannan gefen fili tana wancan. Sajan yana can nesa kusa da tuta, ya busa usur ya ɗaga murya ya ce, ke siririyar tagwayen, ɗaga ƙafa! Bai ko yi shakka ba. Mutumin da makon farko ya sa ni tsallen kwaɗo sau biyu saboda ya ɗauka ni ce ban yi ba.

Na juya na dube ta daga inda nake. Kullum a kusa nake ganinta, a gado, a layi, shi ya sa ban gani ba. Wuyanta ya fito daga kwalar riga kamar na ɗan tsako. Duk ɗinkin da na yi, rigar nake gyarawa.

Baba kaɗai ne yake gane mu daga nesa. Yau kowa ma zai iya.

Juma'a, da la'asar

Na je ƙofar ɗakin shan magani na dawo. Na sake zuwa na tarar Sista na waya, na ji daɗi, na dawo. Allah ka ba ni mafita ko ka ba ni ƙarfin hali, ɗaya daga ciki, ba ni da zaɓi.

Asabar, bayan azahar

Ba mu je tafiyar ba.

Da asuba kowa na ɗaura takalmi ana ihu ana neman gora. Na sauko na same ta zaune a bakin gado ta sunkuya kan takalminta. Ta kama igiyar ta kuɓuce, ta kama ta kuɓuce. Ta ɗago tana murmushi ta ce Yaya ɗaura min. Na durƙusa na ɗaura mata, sosai, yadda ba zai kwance ba. Sannan na kama hannunta muka fita. Ta ɗauka layi za mu, sai da muka wuce tankuna ta gane. Ta turje, amma da me? Na ja ta kamar yadda ake jan mayafi.

Sista tana shirya akwatin maganin da za a tafi da shi. Na tsayar da Zare kusa da ni a ƙarƙashin fitila, kafaɗa da kafaɗa, na ce, “Sista, ki dube mu.”

Ta dube ni, ta dube ta, ta sake dubana. Ta ajiye abin da ke hannunta a hankali. Ta tambayi wace ce ke zuwa teburinta, na ɗaga hannu kamar 'yar firamare. Na shirya wa zagi, amma ba ta da lokacina. Ta ɗauki Zare cak ta ɗora a sikeli, ta kalli allon, ta yi salati a hankali. Sai da ta gama ɗaura mata ruwa sannan ta juyo kaina ta ce da yarinyar nan ta hau dutse yau, da gawa za su sauko da ita, kuma da ita Sista ce ta sa hannu. Idonta ya kawo ruwa don fushi. Ranar wanka dai ba a ɓoye cibiya, ni ce na yi ta ɗaga ranar.

Likita zai zo Laraba. In ya tarar tana ci da bakinta za a bar ta ta ƙarasa, a zaune, ba fareti. In ba haka ba mota za ta kai ta gida. Ni kuma nawa hukuncin yana gaba, ban ma tambaya ba.

Zare ta ce min abu ɗaya kafin ta juya fuska bango: “Kin mayar da ni.”

Lahadi, da yamma

Ba ta yi min magana ba. An kawo kwano, an ɗauke kwano.

Mama ta kira, ban ɗauka ba. Ba ni da sauran muna ci a bakina.

Litinin, da azahar

Sista ta bar ni in riƙa zama da ita, wai tunda na iya cin abincin mutane sai in iya jinyarsu. Rediyo ta zo da ayaba ta ajiye ta fita a kan yatsun ƙafa, ba ta ce uffan ba. Wannan ma ya isa ya nuna wa mutum abin ya kai inda ya kai.

Bayanta kawai nake gani. Ina iya ƙirga ƙashin ta cikin riga. Saura gobe.

Talata, bayan azahar

Dole in rubuta wannan.

An kawo abincin rana, Siminti da Kududdufi, na ajiye a kan 'yar kujerar da ke tsakaninmu. Na yi magana har na gaji, ba ta juyo ba. Na ce to shi ke nan, gobe in an sa ki a mota ni ma zan shiga, su riƙe hidimarsu. Ban san lokacin da na ɗauki cokalin ba, hannuna ya riga ya saba da kwanonta. Na ce bari in fara ci ki gani, ba abin da zai yi min.

Sai ji na yi an damƙe min wuyan hannu. Ban san tana da sauran ƙarfi haka ba.

“Ajiye.”

Na ce ai gwada miki zan yi.

“Kin san abin da nake yi kullum kika tafi wurin Sista? Tsayawa nake ina jira cikinki ya fara. Na Baba ma sai da yamma ya fara.” Muryarta a dishe take, sai da na sunkuya. “Bai taɓa cin abin bakin hanya ba, kin sani. Ni na sayo, ni na ce Baba ɗanɗana mana. Ya ci don kada in ji kunya. Yanzu kuma ke. Kullum ni ke miƙa wa mutum kwano in koma gefe ina kallo.”

Tun waccan tafiyar da ta zama ajalin Baba, wannan ne karo na farko da ɗayarmu ta faɗe shi da baki. Duk tambayar nan da ta ishe ni, duk tsayuwar bakin banɗaki, na ɗauka fitina ce. Ni ina ganin taimakonta nake yi, ashe kullum da azahar sake mayar da ita nake cikin motar waccan tafiyar.

Na ce to ba zan ƙara ci ba, wallahi. Ta ce ƙarya nake, ta san ni, muddin kwanon na nan da abinci a ciki sai na san yadda na yi da shi. Ta yunƙura ta zauna, robar ruwan na lilo a hannunta. Ta zare cokalin daga yatsuna.

“Ba ni. Rabona ne.”

Lomar farko ta daɗe a bakinta, idonta a rufe, hawaye na bin gefen hancinta. Na ga maƙogwaronta ya yi sama ya tsaya, na ce shi ke nan za ta dawo da shi. Ya wuce. Ta ƙara, ta ƙara, ba da yawa ba, gefen dunƙulen kawai ta ɓantare. Sista tana bakin ƙofa, ta yi kamar tana neman wani abu a aljihu.

Yanzu tana kwance ta ɗora hannuna a kan cikinta ta danne da nata. Jira muke.

Talata, bayan la'asar

Har yanzu jira muke. Ta ce kada in tashi.

Talata, bayan magariba

Ba abin da ya faru. Ta yi barci da hannuna a wurin, ya mutu murus, ban janye ba. Da hagu nake rubutu.

Laraba, da azahar

Likita ya zo ya tarar da ita da kwano a cinya. Ya ce zai sake dubawa jibi, bai yi maganar mota ba. Ni an yanke min sharar filin fareti har ranar fita, Sajan ya miƙo min tsintsiya ya ce ke mai kumatun.

Mama ta kira, na miƙa wa Zare wayar. Ban ji tambayar ba, amma na san ta. Zare ta ce, “Na ci, Mama. Gishirin ne dai ya yi yawa.”